Yohanna, Ba Zan Faɗa Maka Sunan Inna Ba

Zuwa ga ɗan'uwana Yohanna ɗan Malam Bitrus, a Kwatano.

Bayan gaisuwa ta zumunci da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, ina sanar da kai cewa mu ma nan Bagudo muna lafiya, sai godiyar Allah. Ruwa ya ɗauke, an fara yankan shinkafa a fadama, kasuwar kayan babur kuma tana nan yadda ka san ta, yau da daɗi gobe ba daɗi.

Na rubuto maka a nan gaban jama'a ne saboda tun ranar da na kashe maka waya ka daina ɗaukar kirana. Na kira har na gaji. Na ba direban motar albasa saƙo, ya dawo ya ce ka ce ka ji. Amma na san kana leƙa shafin nan, domin ko shekaranjiya na ga ka yaba hoton wani babur da na saka. To, tunda kana ganin babur, wannan ma za ka gani. Sauran masu karatu kuma ina roƙonsu su karanta su wuce. Faɗan 'yan gida ɗaya ne, duk wanda ya zage ka a ƙarƙashin rubutun nan ni ya zaga.

Abu biyu ka roƙe ni. Ka ce in faɗa maka ainihin sunan mahaifiyata, Inna, kuma in ba ka yardata a matsayina na babban ɗanta, domin a yi mata baftisma irin wadda ku 'yan Mormon kuke yi wa matattu. Ka ce za ku tafi babban ɗakin ibadarku na Gana, a tsoma matarka cikin ruwa a madadin Inna, ana kiran sunanta. Inna da ta yi sallar asuba a zaune ranar da ta rasu. Yohanna, da wani ne ya faɗa mini wannan magana ba kai ba, da ba waya kaɗai zan kashe ba.

Bari in tuna maka wace ce Inna, tunda da alama iskar teku ta ɗauke maka wasu abubuwa.

Kana ɗan ƙarami aka turo Malam Bitrus daga ƙasar Zuru ya koyar a firamaren garin nan, ya kama ɗaki a jikin gidanmu. Ba a daɗe ba Allah ya yi wa mahaifiyarka rasuwa. Ba wanda ya roƙi Inna. Ta leƙa ta katanga ta gan ka zaune kana cin garin rogo da ruwa, ta zagaya ta kamo hannunka ta zaunar da kai a gaban kwanona. Daga ranar kwanonmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, bulalarmu ma ɗaya. Bakinta bai taɓa iya faɗin Yohanna ba, Yahaya take ce maka, kai kuma kana amsawa.

Ka tuna safiyar Lahadi? Ita ke wanke maka riga tun Asabar, ta shanya a kan danga. In ka maƙale kana son bin mu kamun kifi a bakin kogi, sai ta ɗauko muciya ta ce, "Tashi ka bi ubanka coci, ni ba ni riƙon yaron da bai san Allah ba." Kana hannunta, kana cin tuwonta, ba ka da uwa, mahaifinka yana aji tun safe. Da ta so, da kalma ɗaya ta isa ka bi ni masallaci, kuma unguwa ta yi mata guɗa. Ba ta taɓa yi ba. Har wata maƙwabciya ta yi mata gori a kan haka, ta ce amana aka ba ta, ba kyauta ba. Matar da ta ƙi taɓa addininka lokacin da ba ka da bakin kare kanka, ita ce yau kake son taɓa nata lokacin da ba ta da bakin kare kanta. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a wuya.

Kada ka ce ƙiyayyar mutanenka ce ke sa ni magana. Ka san ba haka ba ne, kuma zan faɗi alherinsu a nan kowa ya ji.

Lokacin da ka tafi Kwatano neman aikin tuƙi, labarinka da ke zuwa mana ba mai daɗi ba ne. Giyar kwakwar nan tasu ta kama ka, ka rame, aiki yau a nan gobe a kore ka. Da mota ta kaɗe ka ta karya maka ƙafa, mu muna nan nesa, sai addu'a. Mutanen nan naka su ne suka ɗauke ka. Yara biyu masu farar riga da suka taɓa ƙwanƙwasa maka ƙofa ka kore su, su suka riƙa zuwa asibiti, matan cocinsu suka riƙa kai maka abinci bi da bi har ka taka. Suka raba ka da kwalba, abin da faɗan Malam Bitrus da hawayen Inna suka kasa. Da na kai mata labari ta ɗaga hannu ta ce, "Wanda duk ya amshe kwalba ga hannun Yahaya, Allah shi saka mai da alheri, ko wane ne." Ni ma na ce amin, kuma har yau ban janye ba.

Sai dai ka yarda ka ba mu wahala da ka zo gida bayan nan. Ka sauka daga babur a tsakiyar bazara da farar riga da igiya ɗaure a wuya, zufa tana bin ka kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ka ce mana yaran da suka shigar da kai sunansu Elda, wato dattijo. Na ga hotonsu, ko gemu babu, ɗayan ma da ƙuraje a fuska. Na ce in waɗannan ne dattawanku, yaranku sai a zanin goyo. Ka ɓata rai. Da yamma muka zauna majalisa, aka ɗora buta, shayi ya yi kumfa, aka miƙa maka kofin farko don girmamawa, ka ce addininka ya hana. Shayi, Yohanna. Kai da kake lashe na farko da na biyu ka tsaya jiran na uku. Wani dattijon gaske ya tambaye ka ko shayin ma yana sa maye ne a Kwatano. Inna ce kaɗai ba ta yi maka dariya ba. Washegari ta dama maka kunun tsamiya, kuma har ka koma ba ta sake kawo shayi inda kake ba.

Ni ma na je na gani da idona, shekarar da na sauka sayen kaya ka ja ni cocinku. Wuri tsaf, ba hayaniya, ba mai ihu a kan mutane, kowa yana kiran kowa ɗan'uwa. Na ga yadda suke gaishe ka da mutunci, na ji daɗi a raina. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutane ke tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya sani wannan hanya gaskiya ce, wasu har da kuka. Ba wanda ya ce yana fata, ba wanda ya ce yana nema, kowa ya sani. Na tambaye ka a hanya, wanda bai sani ba fa, ina yake zama? Ka ce babu irinsa a cikinku.

Ashe akwai, kuma kai ne.

Kai ka faɗa mini da bakinka a wayar nan ta ƙarshe, kafin ka kawo maganar Inna. Ka ce ka yi ta karance-karance a kan tarihin addinin, ka ga abubuwan da ba a taɓa gaya maka ba. Ka fara da cewa wanda ya kafa shi mata da yawa ya aura. Na ce wannan ai ba labari ba ne a Bagudo, ka kawo wani. Ba ka yi dariya ba, nan na san abin ya yi nisa. Ka ce akwai dogon zamani da baƙar fata irinmu ba a ba shi limanci a cikinsu, ba ya shiga babban ɗakin ibadar nan da kake son kai sunan Inna, kuma da ka tambayi shugabanninku sai aka ce ka ƙara addu'a ka rage karatu. Ka ce kana tashi a gaban jama'a kana cewa ka sani, zuciyarka tana ce maka ƙarya kake. Ka ce ba za ka iya gaya wa matarka ba, domin an koya mata cewa aurenku ɗaurarre ne har lahira, in ka fita ta rasa ka duniya da can. Mai gidan da kake yi wa tuƙi ɗan cocin ne, abokanka duka 'yan cocin ne, yaranka ba su san wani gida ba sai shi.

Wallahi na tausaya maka. Na ajiye abin da ke hannuna na fita bayan shago don kada masu sayayya su ga fuskata. Na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya kwana yana shakkar hannun da ya tsamo shi daga rami. Ban ce maka ka fita ba, ban ce ka zauna ba, kuma yanzu ma ba zan ce ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To amma ina cikin wannan tausayi sai ka ce, saboda haka kake son ka yi wa Inna baftismar nan tun kana ciki, ko da a ce gaskiya ce. Ko da a ce! Kai ɗan bakin kogi ne kamar ni. Ka taɓa ganin wanda yake zargin jirgi yana shan ruwa, yana neman inda zai dira, sannan ya ce a miƙo masa tsohuwa ya saka a ciki? A nan ne na kashe waya, kuma ko yau aka maimaita zan sake kashewa.

Kafin in kashe ka kawo hujjoji biyu, zan amsa maka su don kada ka ce na gudu. Ka ce mu ma ai muna yi wa matattunmu aikin hajji, muna yi musu sadaka. Gaskiya ne, kuma wannan ta shige ni, na yi kwanaki ina juya ta. Na gane ciwon da ke sa ku tsoma mutum a ruwa shi ne ciwon da ke sa ni raba sadakar masa ranar Juma'a da sunan Inna: mutum ya tafi, hannunka bai gama yi masa hidima ba. Ban raina wannan ba. Sai dai ni abin da ta saba yi nake ci gaba da yi mata, hanyar da ta bi da ƙafarta nake share mata. Kai kuwa hanyar da ba ta taɓa takawa ba kake son ɗora ta.

Hujja ta biyu ita ce ta fi ba ni haushi. Ka ce ai ba dole, a can za a yi mata tayi ne kawai, in ta so ta karɓa in ta ƙi shi ke nan. Yohanna, Inna fa muke magana. Yaushe ka taɓa jin ta ce wa baƙo a'a? Matar da aka kawo mata kifin gwangwani daga Kwatano, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya har ƙasa, baƙo na fita ta ba kyanwa. In aka je aka ce mata ga saƙo daga Yahaya, kunya kaɗai za ta sa ta miƙa hannu. Ba zan bari a saka ta a wannan tsaka mai wuya ba, ko a cikin tunaninka ne kawai.

Yanzu bari in gaya maka ɓarnar da ka yi wadda ba ka sani ba. Da ka ga ban ba ka ba, ka kira Goggo Hajo, ƙanwar Inna, a Sharabi. Ba ka yi mata bayani ba, ka yi ta kewaye-kewaye, ka ce kana son sunan Inna na yanka za ka kai wa wasu masu addu'a. Ka manta ƙasar da ka tashi? Wa ke neman sunan uwar mutum daga nesa, a ɓoye, ya ce zai kai wa masu addu'a, in ba wanda zai yi wa ɗanta asiri ba? Kowa ya san malamin tsibbu ba ya aiki a kan mutum sai da sunan uwarsa. Goggo ta hau babur da tsufanta ta zo har shago tana haki, ta ce, "Bello, Yahaya shina son shi yi maka jihwa, sunan uwarka yaka biɗa." Ta zo da rubutu a gora da turare a ƙulle. Na yi rantsuwa, na yi bayani, ƙarshe sai da na shanye rubutun a gaban masu sayen taya kafin ta yarda ta zauna. Da na ce mata ba jifa ba ne, wanka za a yi wa Inna a Gana, ta dube ni ta ce ita da hannunta ta yi wa yayarta wanka, wane ne ya ce bai yi ba? Har yau rabin Sharabi sun ɗauka kana nemana da sharri. Shi ya sa ma na rubuta a fili, don su ji daga bakina cewa ɗan'uwana ba mugu ba ne, wauta ce kawai irin ta mai ƙauna.

An kuma ce mini da farko sunan da ka kai musu shi ne Inna Maimasa, wai Inna sunanta, Maimasa sunan mahaifinta. Allah ya shirye ka. Amma ban ga laifinka sosai ba, domin ni kaina sai da na girma na san sunan. Sunan kakarta aka sa mata, uwar mahaifinta, don haka tun tana zanin goyo ba mai kiran ta da shi. Mahaifinta ba zai kira sunan uwarsa ba, matansa ba za su kira sunan surukarsu ba. Inna ake ce mata tun ba ta da haƙori. Baba bai taɓa kira ba, mu ba mu taɓa kira ba. Suna ne da gida guda ya yi shekaru yana kewaye shi don girmamawa, kai kuma kana son in karanto maka shi ta waya kamar lambar injin babur, a je a kira shi da ƙarfi a bakin waɗanda ba su taɓa cin masarta ba. Ba zan iya ba. Ko da babu maganar addini, harshena ba zai ɗauka ba.

Na yi faɗa ya isa. Bari in faɗi abin da nake gani, in na yi kuskure ka gyara mini.

Ba lahirar Inna ce ke hana ka barci ba. Ka san irin rayuwar da ta yi, ka san ba ta buƙatar ruwan Gana. Abin da ke cin ka shi ne ba ka zo ba. Ta yi jinya mai tsawo, na aika maka, ka ce iyaka a rufe take, alhali 'yan acaba suna ratsa daji zuwa Segbana a tsallaken iyaka safe da yamma. Ta rasu, ka ce za ka zo gaisuwa, shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Na san kunya ce ta riƙe ka, kullum tana ƙara nauyi, har ta kai ba ka san da wace fuska za ka shigo gidan ba. Sai ka samo wata hidima da za ka yi mata daga nesa, wadda ba sai ka haɗa ido da kowa ba.

To ka ji. Ba ta riƙe ka ba. A kwanakinta na ƙarshe na yi ƙorafinka a gabanta, ta hana ni. Ba ta tambayi wane coci kake zuwa ba, ba ta tambayi ko ka koma wa kwalba ba. Cewa ta yi, "Ƙyale shi, ƙahwa tai ba ta gama warkewa ba. Shina dai cin abinci?" Na ce kana ci. Ta ce to alhamdu lillahi. Iyakar shari'arka ke nan a wurinta, kuma an sallame ka tun ranar, kai ne ka ƙi tashi daga gaban alƙali.

Ga kuma labarin da na yi ta kiran ka in gaya maka ka ƙi ɗauka. Mai ɗakina Hauwa ta sauka lafiya ranar Juma'ar da ta wuce, an samu 'ya mace. Juma'a mai zuwa suna. Ka san sunan da zan sa mata, ba sai na faɗa ba, ba kuma zan iya faɗa ba. Da safe liman zai ɗaga murya ya ambace shi a ƙofar gida, a gaban kowa, a yi fatiha, a raba goro. Daga nan an rufe. Kafin rana ta take kowa Inna zai riƙa ce mata, har ni ubanta.

In kana son sunan nan da gaske, hanyarsa ke nan. Ka hau mota zuwa Kandi, ka biyo ta Segbana, zan turo babur ya jira ka a Tsamiya. Zumunta a ƙafa take. Ka zo da imaninka ko da shakkarka ko da duka biyun, ba mai tare ka a ƙofa ya tambaye ka me ka sani. Ka zo da matarka in za ta zo, ta ga gidan da aka raine ka. Za a dama maka kunu. Goggo Hajo za ta harare ka, ka durƙusa ka gaishe ta, ba za ta daɗe ba za ta fashe da kuka. Bayan an watse in kai ka inda Inna take, ka tsaya ka gaya wa Allah abin da ke ranka da irin addu'ar da ka iya, ni ma in yi tawa.

Yardar da ka nema kuwa ban bayar ba, kuma jin sunan ba zai zama yarda ba. Na san ka, ba za ka ci amanata ba. Kuma daga wannan rana, sunan na mai rai ne, mai kuka da tsotson yatsa, wadda ba ta buƙatar komai a wurinka sai baffa. Abin da nake so ka sani shi ne, in ka makara, ba za a sake faɗinsa a fili ba sai ranar ɗaurin aurenta, kuma ni da kai ba wanda ya ba mu tabbacin kaiwa.

Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta, ya saka mata da abin da ta yi mana ni da kai. Allah ya raya wadda ta ɗauki sunanta. Kai kuma Allah ya warware maka abin da ya ɗaure a ƙirjinka, ya nuna maka gaskiya ya ba ka ƙarfin bin ta, ya tsare gidanka kada ya watse a kan hanya. Ya kawo ka lafiya.

Ka ɗauki waya in na kira.

Naka, wanda kuka ci kwano ɗaya,
Bello, Bagudo.